Hoto Ɗaya Cikin Ashirin: Yadda Na Bi Sawun Ciwon Sabuwar Kyamarata

A farkon watan Disamba na sayi kyamarar, sabuwa dal a kwalinta, a wani shago da ke kan titin Ahmadu Bello nan Jos, 'yar tafiya kaɗan daga Taminus. Kuɗin adashin wata goma ne, na cika da abin da na samu bayan na sayar da tsohuwar. Irin mai madubi ce a ciki, wadda ake kwance mata lens a ɗaura wani, kuma ta zo da nata mai zuƙowa daga 18 zuwa 55. Da gangan na zaɓi Disamba, domin duk mai ɗaukar hoto a garin nan ya san watan ne kakarmu: ɗaurin aure, kamu, walima, saukar karatu, wani lokaci uku a rana ɗaya.

Aikin farko da na fita da ita ɗaurin aure ne a Gangare, ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Hunturu ya kankama, kowa da rigar sanyi a ƙarƙashin babbar rigarsa, rana ta fito amma hazo ya dusashe ta. Na saita komai da hannuna kamar yadda na saba a taron maza: ƙofar haske, wadda muke kira afaca, a f/11 don na gaba da na baya su fito tar, shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, a 1/250 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 200. Na duba hotuna biyu ko uku a bayan kyamara, na ga sun yi, na ci gaba da aiki ban ƙara dubawa ba, don a ɗaurin aure wanda ya tsaya kallon allo fatiha za ta wuce shi.

Da daddare na zuba su a kwamfuta. Hoto 340 ne, kuma 17 daga ciki sun ƙone. Haske ya cinye su, farar shadda ta koma farar takarda, aikin da ke wuyan babbar riga ya ɓace ɗungurungum, fuskoki sun yi fayau kamar an shafa musu hoda. Na gaba da shi lafiya, na baya da shi lafiya, shi kaɗai a tsakiya ya lalace. Gabana ya faɗi da na iso wurin da waliyyin amarya, wani dattijo mai farin gemu, yake miƙa wa wakilin ango hannu bayan an shafa fatiha. Sau ɗaya aka yi wannan musabahar, hotonta biyu na samu, na farkon da hannayensu suka haɗu shi ne ya ƙone. Na yi ta jan haske ƙasa a manhajar gyara har dare ya raba. Hoton da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi, amma inda haske ya cika ya tumbatsa babu abin da ya rage a wurin, sai dai farin ya koma toka.

Kaina na fara tuhuma, kuma har yanzu ina ganin daga nan ya kamata kowa ya fara. Sabuwar kyamara maɓallanta ba inda yatsa ya saba suke ba. Akwai saiti huɗu da na san suna iya sa haske ya riƙa tsalle. Ɗaya shi ne wanda kyamara ke ɗaukar hoto uku a jere, ɗaya daidai, ɗaya da duhu, ɗaya da haske. In aka manta shi a kunne, duk hoto na uku sai ya zo daban. Akwai ɗan maɓallin nan mai alamar tarawa da ɗebewa, wanda ake ƙara haske ko a rage da shi. Akwai awon haske na ɗigo ɗaya, wanda in ɗigon ya faɗa kan baƙar hula sai kyamara ta zaci dare ne ta buɗe komai. Sannan akwai ISO mai sauya kansa, wanda yake aiki ko da kana manuwal, wato saitin hannu, in ba ka kashe shi ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk a kashe suke. Duk da haka na mayar da kyamarar saitin kamfani, na sake saita ta daga farko.

Daga nan na buɗe bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin kowane hoto, waɗanda ake kira EXIF: lokaci, afaca, shota, ISO, har tsawon da aka zuƙo lens. Na ajiye mai kyau da wanda ya ƙone gefe da gefe. Lambobinsu iri ɗaya ne sak, f/11, 1/250, ISO 200, daƙiƙa ɗaya ce tsakaninsu, a ƙarƙashin rana ɗaya. A nan na san ba hannuna ba ne. Kyamarar tana cewa abu ɗaya ta yi sau biyu, hoton kuma yana ƙaryata ta.

Abin da ya ƙara dagula min lissafi shi ne dinar da na yi a wani ɗakin taro a Rayfield kwana biyu bayan haka. A can ba ƙonewa suka yi ba. Wasu sun zo da duhu, wasu rabin sama da haske rabin ƙasa da duhu, launin ma yana sauyawa, nan ya yi kore-kore, can ya yi ja-ja. Sai na haɗa su duka a raina, na ce kyamarar nan ba ta san abin da take yi da haske ba, shotarta ce ta lalace.

Da wannan maganar na koma shago ranar Talata wajen ƙarfe biyu na rana. Alhaji mai shagon bai yi min gardama ba. Ya karɓa, ya fita bakin titi, ya yi ta ɗaukar masu Keke Napep da masu tallar lemu har ya kai hamsin. Muka duba tare, babu ko ɗaya da ya ɓaci. Ya miƙo min ita ya ce, "Malam, hannunka ne bai saba da ita ba tukuna. Ka ƙara mata kwana biyu." Na nuna masa waɗanda suka ƙone a wayata, ya ce ai ko yaro ya murɗa maɓalli zai iya fitar da irinsu. Raina ya ɓaci, amma da na hau hanya na ga ba shi da laifi. Ni ma in wani ya kawo min kaya ya ce ba su da lafiya, na gwada sau hamsin na ga lafiya lau, abin da zan ce ke nan.

Washegari na tafi Bukuru wurin maigidana, wanda a hannunsa na koyi sana'a tun zamanin fim mai hoto 36, lokacin da ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ma ka san ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar kyamara a kai ta ɗaurin aure ba a gwada ta a gida ba?"

Na ce, "Baba, na yi kuskure. Yanzu ina mafita?"

Bai taɓa kyamarar ba. Ya ce in buɗe kwamfuta in ware hotunan gida biyu, masu duhu daban, waɗanda suka ƙone daban. Da na ware sai abin ya fito fili: duk masu duhu na ɗakin taro ne, a ƙarƙashin fitilun LED, duk waɗanda suka ƙone kuma na waje ne, a rana. Ya ce, "To ka gani, ciwo biyu ne ka haɗa musu magani ɗaya. Ɗayan ma ba ciwo ba ne."

Na ɗakin taron laifin wuta ne. Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa, musamman dogayen nan da kuma LED masu araha, suna haskawa su dushe sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kama wannan, amma shota tana kamawa. Ni kuwa a 1/500 na yi aikin daren don in tsayar da masu rawa, wato kashi ɗaya cikin biyar kacal na bugun fitilar kyamara ke gani, wani lokaci ta faɗa kan ƙarfinsa, wani lokaci kan rauninsa. In janareto ne ma abin ya fi muni, don gudunsa yana hawa da sauka. Na gwada a shagon Baba a ƙarƙashin fitilarsa: a 1/500 hotuna goma suka zo kala-kala, a 1/100 duk suka zo iri ɗaya. Rabin nauyin ya sauka daga kaina a wurin. Tun daga ranar, in ina cikin ɗaki ba fulash, 1/100 ko 1/50 nake tsayawa.

Saura na rana. A kan wannan Baba ya ba ni ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare ya ce, "Ciwon da ke zuwa ya tafi, sai ka koyi kiransa ya amsa. Ka rubuta komai, kuma kada ka sauya abu biyu a lokaci guda."

Shawararsa ta farko na bi, ta biyun kuwa na karya ta tun a daren. Na goge ƙananan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da ke haɗa lens da jikin kyamara da busasshen ƙyalle, na sauya batir, na sa sabon memori, duk a zama ɗaya. Ranar Alhamis da azahar na kafa ta kan ƙafarta mai ƙafa uku a tsakar gida, na fuskantar da ita katangar da ba ta da fenti, na ɗauki ɗari a f/11. Duk suka zo daidai. Na yi hamdala, na ce datti ne a ƙarafan. Da a ce ciwon ya tafi da gaske a ranar, da har yau ban san wanne daga cikin ukun ya kore shi ba, kuma da zan riƙa koya wa yara abin da ba shi ne ba.

Bai tafi ba. Ranar Lahadi aka kira ni saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya a Unguwar Rogo, ƙarfe takwas na safe, yara sun jeru da allunansu cikin fararen kaya. Wannan karon ina dubawa bayan kowane hoto. Na farko ya ƙone. Na biyu ya ɗan yi haske, na uku daidai. Na sauke kyamarar aka yi wa'azi na kusan minti ashirin, na ɗaga na ɗauka, ya sake ƙonewa. Sai na riƙa harba biyu a banza a ƙasa kafin in ɗauki na gaske, da haka na ceci aikin ranar.

A daren ne littafin ya yi amfaninsa. Na tattara duk hotunan da suka ƙone tun ranar farko, 31 ne, na rubuta lokacin kowanne da lambobinsa a layi. Abu uku suka fito waɗanda ban taɓa lura da su ba. Babu ko ɗaya da aka ɗauka bayan ƙarfe goma da rabi na safe. Kusan dukkansu hoton farko ne ko na biyu bayan kyamarar ta ɗan huta. Sannan duk a f/8 ne zuwa sama. Waɗanda na ɗauka da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, ko da asuba ne, babu wanda ya ɓaci.

Na dawo kan hoton dattijon nan da maƙwabcinsa mai kyau, na faɗaɗa su, wannan karon ban kalli mutanen ba, bayansu na kalla. A mai kyau, rubutun da ke jikin bangon da ke bayansu yana karantuwa. A wanda ya ƙone, rubutun ya narke, ya yi dishi-dishi. Na daɗe ina kallon wannan wurin. Da shota ce ta yi jinkirin rufewa, haske zai ƙaru amma bangon zai tsaya yadda yake, sai dai hannun da ke motsi ya ja. Abu ɗaya ne ke ƙara haske kuma ya narkar da baya a lokaci guda, shi ne ƙofar haske ta kasance a buɗe fiye da yadda aka ce mata.

Ga yadda abin yake. A irin wannan kyamarar, ko ka saita f/11, ƙofar tana nan a wangale duk lokacin da kake leƙawa, don ka ga haske sosai kuma ta iya kama fokos. Sai a daidai lokacin da ka danna ne madubi zai tashi, wasu siraran faranti kamar ganye a cikin lens su tsuke zuwa f/11, sannan shota ta buɗe, duk kafin ƙiftawar ido. In farantan suka yi nawa, shota ba ta jiran su. Lens ɗina in an zuƙo shi zuwa 55, iyakar buɗewarsa f/5.6 ne. Daga f/5.6 zuwa f/8 haske ya ragu da rabi, daga f/8 zuwa f/11 ya sake raguwa da rabi. Wato in farantan ba su motsa ba, haske ninki huɗu ne ke faɗa wa hoton. Kyamara kuma umarnin da ta bayar take rubutawa a EXIF, ba abin da lens ya aikata ba. Shi ya sa lambobin suka yi ta rantsuwa cewa komai daidai ne.

Yanzu sai kiran ciwon ya amsa. Na kwana da kyamarar a bakin taga, inda iskar hunturu ke shigowa. Bayan na dawo daga sallar asuba na jira gari ya waye, na kafa ta a gaban katangar nan, f/11, na ɗauki goma a jere. Na farko fari fat, na biyu da na uku da sauƙi, sauran daidai. Na bar ta minti goma sha biyar na maimaita, haka aka sake. Na buɗe ƙofar zuwa f/5.6 na ƙara gudun shota don hasken ya daidaita, na jira, na ɗauki goma, duk lafiya. Kwana uku ina yi, sakamakon bai sauya ba. Da rana kuwa, in gari ya ɗumama, ko sau ɗari na ɗauka ba ya nunawa. Abin da ya faru a gaban shagon Alhaji da ƙarfe biyu ke nan, da kuma gwajina na azahar ɗin Alhamis.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma ita ce mai tsada: lens ne ko jikin kyamarar? Domin a jikin ma akwai ɗan hannun da ke sakin ƙofar, kuma shi ma yana iya lanƙwashewa. Na aro lens ɗin Baba mai 50 da tsohuwar kyamararsa, tunda bakinsu ɗaya da tawa. Duk na kwantar da su a taga ɗaya. Lens ɗinsa a kan tawa, goma cikin goma lafiya. Lens ɗina a kan tasa, na farko ya ƙone. Na sauke ajiyar zuciya, don lens ɗin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin jikin ba.

Na cire lens ɗina daga jikin kyamara na juya bayansa. Akwai wani ɗan ƙarfe a wurin, in ka tura shi da farce ƙofar ta buɗe, in ka saki sai sifirin ya mayar da ita ta tsuke. Na Baba, mai shekaru a duniya, yana komawa ƙyas kamar tarkon ɓera. Nawa sabo kuwa, da sanyin safiya, sai ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya zame a hankali. Da na haska da tocilan waya na ga ɗan sheƙi a gefen faranti biyu. Farantan nan a bushe ya kamata su kasance. In man da aka sa wa sassan lens ya malalo kansu, sanyi yakan sa ya yi kauri ya riƙe su, zafi kuma ya sassauta shi. Wani abokin sana'a ya ce in kawo ya buɗe ya wanke min da fetur ɗin laita, aikin awa ɗaya. Na ƙi. Kayan da ke cikin garanti in ka kwance masa noti ɗaya, ka yafe haƙƙinka da hannunka.

Na ɗauki bidiyon ɗan ƙarfen da waya, nawa da na Baba a jere. Na wanke hotuna biyu na katanga, na rubuta lambobinsu a baya. Na haɗa da littafin da rasit da takardar garanti, na koma shago. Ban ce komai a kan maganarmu ta farko ba. Na ce, "Alhaji, alfarma ɗaya nake nema. Ka ajiye lens ɗin nan a shagonka ya kwana, kusa da ƙofa. Gobe kai da kanka za ka ɗauki hoton farko."

Ya kalli bidiyon sau biyu, ya juya shafukan littafin, ya ce, "Duk kai ka rubuta wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ka zo bakwai da rabi, zan buɗe da wuri saboda kai."

Na riga shi isowa. Masu shayi ne kawai suka fito, sai masu shara. Ya ɗaura lens ɗin da hannunsa, na faɗa masa lambobin, ya fuskanci ginin da ke tsallaken titi ya danna. Ya kalli allon, ya sake dannawa, ya sake kallo. Ya yi ta komawa tsakanin hotunan biyu bai ce uffan ba, can ya ce, "Gani ya kori ji. Ka yi haƙuri, Malam, na ɗora maka laifin da ba naka ba." Ya duba lambar da ke jikin lens ya ga ta dace da ta rasit, ya ce zai mayar da shi Legas wurin waɗanda suka ba shi kaya. Kwana goma sha biyu aka yi kafin wani ya iso. A tsakanin nan da lens ɗin Baba na yi duk bukukuwan ƙarshen shekara, ina matsawa gaba da baya da ƙafata tunda shi ba ya zuƙowa.

Sabon da ya zo ban kai shi ko'ina ba sai da ya kwana uku a taga. Kowace safiya goma a f/11, hutun minti goma sha biyar, wasu goma a f/16. Sittin cikin sittin suka zo daidai, na rubuta a shafin ƙarshe na littafin.

Mutanen Gangare kuwa tun ranar da na kai musu albam na faɗa musu gaskiya, cewa hoton musabahar ya lalace a hannuna, na kuma rage musu kuɗi. Angon ya ce ba komai, amma na ga yadda ya yi ta juya shafuka yana neman dattijon, ashe kawun amaryar ne da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. A tsakiyar Janairu na kira shi na roƙi ya haɗa min su. Muka je da safe, muka tarar da dattijon a ƙofar zaurensa yana shan hantsi. Da aka yi masa bayani ya shiga ciki, ya fito sanye da farar babbar rigar da ya sa ranar ɗaurin auren. Ya kama hannun angon ya riƙe, yana sa musu albarka. Na saita f/11 na danna sau ɗaya, na duba, kowane zare na aikin wuyan rigar ya fito. Na wanke shi babba, na sa a firem, na kai wa amaryar ranar Juma'a.